Canjin soja a bakin daga: wa ke zuwa gida, wa ke jira a bariki?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a gidaje da dama na ƙasar Arewa, tun daga Dogon Kiriya har Gesheme, akwai wani ɗan littafi da ake ɓoyo cikin adaka. Ya tsufa, gara ta ci gefensa, amma ba a yarda a jefar da shi. Littafin soja ne na kaka ko na kakan uba, wanda ya yi wa Faransa yaƙi a ƙetaren teku. Wani gidan har da lambar girma ƙulle cikin tsumma.

Da can sai an nemi ɗan lakwal ya duba shi. Yau mutane da yawa suna haɗa baƙi da kansu. Wanda ya buɗe littafin zai ga lamba tare da waɗansu manyan baƙaƙe, BTS ko RTS. Zai ga ranaku jere, wata ƙarƙashin wata. Baƙaƙen nan sunan ƙungiyar da anka sa mutumin ne. Ranakun kuwa su ke nuna yaushe anka kai shi wuri kaza, yaushe anka ɗauke shi. Ɗauke soja daga bakin daga a sa wani madadinsa, shi ake kira canji. Faransawa suna ce masa relève.

Babu rundunar da ke yaƙi babu canji. Ko mai jan ruwa a rijiya mai gaba 20, in hannunsa ya gaji, wani ke karɓar igiya. Amma a yaƙin Nasaru canji ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Wani in an canza shi, gida zai je ya ga matarsa da ɗiyansa. Wani kuwa sai dai a kai shi wani bariki ya zauna jiran kira. Baƙin soja rabonsa jira ne.

Su wane ne tirayer

A 1857 ne gwamnan Senegal, Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen fata da ake kira tirayer na Senegal. Sunan ya bi su har ƙarshe. Bambara, Bamoshe, Bazabarme, Bahaushe, duk wanda ya sa jar dara ya zama ɗan Senegal a bakin Nasara. Shi ya sa baƙin S yake cikin littafin mutumin Matankari da bai taɓa shan ruwan Senegal ba sai ranar shiga jirgi. B tana nufin bataliya, R tana nufin rejiman, T kuwa tirayer.

Ƙasar Arewa ta san su tun kafin ta ba da nata ɗiyan. A watan Afrilu na 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, Nasarun da ke cikinta ba su kai 10 ba. Sauran masu bindiga duk baƙaƙe ne. Ba a daɗe ba sai ga komandan yana neman samarin ƙasar nan su sa irin kayan.

Ga yadda ɗaukar take. Gwamna ya raba adadi ga komandodi, komandan ya aika wa sarki, sarki ya raba wa masu gari. Likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafafu. Daga 1919 anka mai da abin doka ta kowace shekara: a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya yi shekara 3. Rabon Nijar bai kai na Sudan, wato Mali ta yau, ko na ƙasar Moshi ba. Duk da haka tsoron ɗaukar soja ya sa samari da yawa na kan iyaka sunka tsallaka ƙasar Ingilishi. Ga ɗan Tibiri ko Dumega, iyakar nan ba nisa gare ta ba.

Yadda ake jera runduna

Soja ba ya yaƙi shi kaɗai. Ana sa shi cikin ƴar ƙungiya ta mutum 15 ko kusan haka, a hannun kaporal. Irin waɗannan huɗu su ke yin seksiyon, mutum wajen 50 zuwa 60, a hannun litinan. Seksiyon huɗu sun zama kampani, mutum wajen 200 zuwa 250, kapitan ke riƙe da ita. Kampani huɗu sun zama bataliya, mutum wajen 1,000. Bataliya uku su ne rejiman, ta kolonel. In an haɗa rejiman da dama da igwa da motoci da likitoci, an sami dibiziyon, mutum wajen dubu 15, a hannun janar.

Ku ɗauka kamar damman hatsi ne. Zangarniya ba ta shiga rumbu ita kaɗai, sai an ɗaure ta dami. Janar ba ya ƙirga mutane, damma yake ƙirgawa. In ya ce a canza, bataliya sukutum ake ɗaukewa a sa wata.

Manyan hafsoshi kusan duk Nasaru ne. Baƙin soja yakan kai kaporal ko sarjan ko ajidan, kaɗan ne ƙwarai sunka wuce nan. Ana ba da umurni da wani gurgun Faransanci, sojoji kuma tsakaninsu Bambaranci ya fi yawa. Bahaushen da ya faɗa cikin irin wagga bataliya sai ya koyi harshe biyu a tare, ga kuma bindiga.

Guga ta shiga, guga ta fita

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an ɗebi kusan mutum dubu 200 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Wajen dubu 135 sun yi yaƙi a Turai. Wajen dubu 30 ba su komo ba.

Yaƙin na cikin rami ne. Faransa da abokanta, Ingila da Beljiyam, daga baya da Amurka, sun haƙa ramuka masu tsawo suna fuskantar na Jamus. An raba bakin daga kamar yadda ake raba gona ga ƴan gayya, kowace ƙasa da nata gefe. Soja yakan yi kwanaki a ramin gaba, inda harsashi ke zuba. Sai a mai da shi ramin baya. Sai a fitar da shi wani ƙauye ya yi wanka, ya kashe ƙwarƙwata, ya yi barci. Da dare ake canjin, shiru, ba wuta ba taba. In abokin gaba ya ji motsi ya saki igwa, mai shiga da mai fita duk suna cikin rami ɗaya.

A wani gari da ake kira Verdun anka gwada canji mafi girma. An fara faɗa ran 21 ga Fabrairu 1916, ba a gama ba sai Disamba. Janar Pétain ya ga in an bar dibiziyon guda a wurin za ta ƙare ƙurmus. Sai ya sa kowace ta yi kamar mako biyu a fitar da ita, wata ta shiga. Sun sa wa dabarar suna noria, wato wani keken ɗiban ruwa mai guga da yawa, wata na nutsewa wata na fitowa. Motoci ba su tsaya ba dare da rana, suna kai sababbi suna kwaso gajiyayyu. Ta haka galibin rundunar Faransa ta ratsa ta Verdun. Jamusawa su kuwa sunka riƙa barin dibiziyon a wurinta, suna cike gurbin matattu da sababbin samari. Tirayer ma sun shiga gugar: bataliya ta 43 tana cikin waɗanda sunka ƙwato ganuwar Douaumont ran 24 ga Oktoba 1916.

Tun 1915 an fara ba sojan Faransa izinin ƴan kwanaki ya je gida. Ya hau jirgin ƙasa, ya kwana ɗakinsa, ya ga gonarsa. Tirayer fa? Tsakaninsa da gida akwai teku, akwai tafiyar makonni. Izinin nan bai kai shi ko'ina ba.

Canjin ɗari

Akwai wani canji da anka yi domin baƙaƙe kaɗai. A ƙarshen 1914 an sa bataliyoyin tirayer cikin taɓo da ruwan sanyi a arewacin Faransa da Beljiyam. Sanyin can ba irin na hunturun Dallol Mauri ba ne, wanda hantsi ke kora. Ruwa yana daskarewa ya zama dutse. Ƙafa takan mutu cikin takalmi har sai an yanke ta. Yatsa ba ya iya jan kunamar bindiga. Sai manya sunka yanke shawara: in ɗari ya kama, wajen Oktoba ko Nuwamba, a kwashe baƙaƙe a kai su kudu inda ke da ɗan ɗumi, a komo da su wajen Afrilu.

Abin mamaki, sunan da sunka sa wa wanga canji shi ne hivernage, kalmar da ƴan lakwal na nan ke kiran damina da ita. Makiyayi zai gane abin da sauri. Shi ma yakan yi arewa da dabbobi in ruwa ya sauka, ya komo da kaka. Bambancin ɗaya ne: makiyayi shi ke zaɓen ranar tashi.

Babban masaukin shi ne Firejus, a bakin tekun kudancin Faransa. A takarda ana rubuta shi Fréjus, sau da yawa tare da maƙwabcinsa Saint-Raphaël. Wanda ya ga sunan nan cikin littafin kakansa, to can ya ci ɗari. Bariki ne bayan bariki, da asibitoci, da filin horo. Bayan yaƙi, wajen 1930, har an gina wani jan masallaci a can mai kama da na Jenne.

Kada a ɗauka hutu ne. Ana horo, ana aikin ƙarfi, ana tari. Akwai wani bariki mai suna Courneau, kusa da Bordo, da anka buɗe a 1916 cikin wata fadama mai danshi. Ɗakunan katako ne, iska na shiga ta ko'ina. Ciwon huhu ya shiga cikinsu. Kafin a kwashe su a 1917, tirayer fiye da 900 sun mutu a wurin. An gudu daga sanyi, an faɗa wa sanyi.

Ko dokar ɗarin ma, in manya sun matsu sai su taka ta. A 1917 Janar Nivelle ya shirya babban hari a wani tudu da ake kira Chemin des Dames. Janar Mangin, wanda ya daɗe yana cewa baƙaƙe su ne maganin ƙarancin sojan Faransa, shi ke riƙe da gefe guda. An ɗauko tirayer daga kudu tun sanyi bai sake ba. Ran 16 ga Afrilu da asuba anka ce su tashi, ana ruwa haɗe da ƙanƙara. Da yawa hannuwansu sun sandare. Bindigogin Jamus masu ruwan harsashi suna jiransu a kan tudu. Cikin ƴan kwanaki an rasa wajen 7,000, da matattu da masu rauni da waɗanda ba a san inda sunka shiga ba. Blaise Diagne, baƙin ɗan majalisa mai wakiltar Senegal, ya tashi a majalisar Faransa ya yi ƙara a kan abin. Amma shi ɗin ne kuma a 1918 ya zagaya Afirka ta Yamma ya samo wa Faransa sababbin sojoji dubu 63.

Canjin 1944

A yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, an sake kiran tirayer. Jamus ta ci Faransa a watan Yuni 1940. Dubban baƙaƙen sojoji sun faɗa hannu, waɗansu an harbe su bayan sun ajiye makami, kamar yadda anka yi a Chasselay kusa da Liyon. Sauran an tsare su cikin sansanoni a ƙasar Faransa shekara huɗu. Su babu wani canji gare su.

Da Faransa ta sake tsayuwa a ƙarƙashin Janar Dugol, a Afirka ta sami sojoji. Amma ba ta da kaya. Amurka ce ta ba da bindiga da mota da tufafi, har takalmi. Kuma ta ƙayyade yawan dibiziyon da za ta yi wa kaya. Ku riƙe wagga magana, don ita ce gindin abin da ya biyo baya. Mai ba da guga yana da ta cewa a bakin rijiya.

Ran 15 ga Agusta 1944 sojojin Amurka da na Faransa sunka fara sauka bakin tekun kudu, ba nisa da Firejus. Rundunar Faransa tana hannun Janar de Lattre, shi kuma daga baya yana ƙarƙashin wani janar na Amurka mai suna Devers. Cikinta akwai dibiziyon ta 9, wadda ake rubutawa 9e DIC. Rejiman uku na tirayer ke cikinta: ta 4, ta 6 da ta 13. Tun a watan Yuni sun ƙwato tsibirin Elba. Cikin Agusta sun shiga faɗan birnin Tulon. Daga nan sunka bi Jamusawa arewa har kusa da iyaka.

Nan ne, cikin Oktoba da Nuwamba, umurni ya zo. A janye baƙaƙe. A ba samarin Faransa, waɗanda sunka yi yaƙin sunƙuru a gida, wurinsu. Wajen mutum dubu 15 anka cire daga dibiziyon ta 9 da wata dibiziyon ta Faransa Mai Ƴanci. Ba wurinsu kaɗai sunka bari ba. Sun miƙa bindiga, sun miƙa hular ƙarfe, sun tuɓe rigar sanyi, wani wurin a bakin daga anka yi musayar. Hatta sunan an goge: rejiman ta 4 ta zama ta 21, ta 13 ta zama ta 23, baƙaƙen RTS sunka koma RIC. Faransawa da bakinsu sun kira abin blanchiment, wato farantawa.

Hujjar da anka bayar ita ce sanyi, kamar a yaƙin farko. Sanyin gaskiya ne, ba a musu. Amma ba shi kaɗai ba ne. Dugol yana so ya shigar da samarin gida cikin runduna, ga shi Amurka ba ta ƙara kaya ba, sai a tuɓe wa wani a sa wa wani. Yana kuma so duniya ta ga ɗiyan Faransa ne sunka ƴanta Faransa. Ai tun kafin haka, dibiziyon ta Janar Leclerc, wadda ta shiga Paris ran 25 ga Agusta 1944, an riga an fitar mata da baƙaƙenta a 1943, alhali da sojojin Cadi ya fara yaƙinsa cikin hamada. Rundunar Amurka a zamanin nan ba ta haɗa baƙi da fari a ƙungiya ɗaya, manyanta kuma sun nuna sun fi son farar dibiziyon ta shiga birnin. Waɗansu bataliyoyin baƙaƙe dai sun ci gaba da faɗa a bakin tekun yamma har Afrilu 1945, inda ido bai cika kaiwa ba.

Wanda ya yi noma ya yi maimai, ranar girbi anka ce ya koma gefe. Waɗanda anka janye an mai da su barikokin kudu, suna jiran jirgi wata da watanni, abinci kaɗan, tufafi tsumma.

Na farkon da sunka sami jirgi su ne waɗansu daga cikin fursunonin 1940. Fiye da 1,200 sun sauka Dakar ran 21 ga Nuwamba 1944, anka kai su barikin Thiaroye. Sun ce ba su watsewa sai an biya su kuɗɗinsu na shekarun tsare. Ran 1 ga Disamba da safe anka buɗe musu wuta. Takardun soja sun ce mutum 35, wata ta ce 70. Masu binciken tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan gilla ne.

Ta wajen Ingilishi

Waɗanda sunka tsallaka iyaka ba duka sunka tsira daga kakin soja ba. Ingila ma tana ɗauka a Sakkwato da Kano da Zariya, kuma akwai ƴan ƙasar Faransi da sunka shiga da ƙafarsu. Abu ɗaya ya fi sauƙi a can: Hausa ita ce harshen bariki tun da daɗewa. Yaƙinsu shi ne wanda tsofaffi ke kira yaƙin Bama, inda anka kara da Japan cikin kurmi da tsaunuka, gabas da Indiya.

A 1943 Ingila ta haɗa dibiziyon biyu daga Najeriya da Gwalkwas, wato Gana, da Saliyo da Gambiya. Su ne ta 81 da ta 82. Suna cikin babbar runduna ta 14 ta Janar Slim, tare da Indiyawa da Turawan Ingila da sojojin Afirka ta Gabas. Ta 81 ce ta fara shiga, a farkon 1944, cikin kwarin kogin Kaladan. Babu hanyar mota. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, sojoji ƴan dako su ɗauka a ka. An cire mata bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, anka ba Janar Wingate, wanda ke kai sojoji bayan abokan gaba.

A can damina ce ke yanke canji, ba ɗari ba. In ruwa ya sauka sai a ja da baya, don zazzaɓi da zawo sun fi harsashi kayar da mutane. In ya ɗauke a koma. Ta 82 ta shiga faɗa a Disamba 1944. A Janairu 1945 dibiziyon biyun sunka haɗu sunka ci garin Myohaung. Daga nan ta 82 ta karɓi igiya, ta ci gaba kudu, ta 81 anka mai da ita Indiya ta huta.

Indiya fa, ba Argungu ba. Baturen Ingila yana da doka mai ƙirga masa kwana: in ya cika shekara 3 da wata 8 a waje sai a mai da shi gida, a 1945 ma anka rage zuwa shekara 3 da wata 4. Baƙin soja kuwa sai yaƙi ya ƙare, sai kuma an sami jirgi. Japan ta sallama a watan Agusta 1945. Da yawa daga cikinsu ba su taka gida ba sai 1946.

Daga Indosin zuwa Mali

Bayan 1945 Faransa ta ci gaba da aika tirayer, zuwa Indosin har 1954, zuwa Aljeriya har kusan ƙarshen yaƙinta a 1962. A Indosin an sa wa'adi, kamar shekara biyu, sa'an nan a canza mutum. Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, ya yi duka biyun, kuma a Firejus ɗin nan ya yi karatun zama hafsa.

Da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960 ta kafa tata runduna, sai ta fara aika sojoji da tutarta. Bayan Iraƙi ta mamaye Kuwaiti ran 2 ga Agusta 1990, gwamnatin Janar Ali Shaibu ta aika wajen soja 500 zuwa Saudiyya, cikin taron ƙasashe fiye da 30. Yaƙin bai daɗe ba, ya ƙare a ƙarshen Fabrairu 1991.

A aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne canji ya zama mai rana tsayayya. Bataliya takan yi wata 6, daga baya anka mai da shi shekara guda, sai jirgin sama ya kawo wata ya kwashe ta har Yamai. Iyali sun san watan da za su sa ido a hanya. Wannan kakanni ba su samu ba. Amma rana tsayayya ba ta hana ajali. Ran 8 ga Yuni 2012 an kashe sojan Nijar 7 a yammacin Kodibuwa. Ran 3 ga Oktoba 2014 an kashe 9 a Mali, kan hanyar Menaka da Ansongo. Aikin na Mali an rufe shi a ƙarshen 2023.

Kwana 90

Ranakun da ke cikin littafin nan ba ado ba ne, kuɗɗi ne. Faransa ta fito da katin mazan jiya a 1926, daga 1930 kuma mai katin yana da ɗan fansho in ya tsufa. Sharaɗin shi ne mutum ya yi kwana 90 cikin ƙungiyar da anka rubuta tana faɗa, in ba wanda ya ji rauni ko makamancinsa ba. Zaman jira a barikin baya ba ya shiga lissafi. Ke nan mutum biyu na iya barin gari rana ɗaya, su komo rana ɗaya, ɗaya ya sami kati ɗaya ya rasa, don kawai bataliyar wani ta shiga guga, ta wani tana gefe. Wanda bai iya karatu ba, ba shi da hanyar gardama da magatakarda.

Waɗanda sunka samu ma an taɓa musu. A ƙarshen 1959, da ƙasashen nan ke shirin samun ƴanci, Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshonsu. Na sojan Faransa yana hawa kowace shekara, na abokin raminsa ɗan Nijar yana nan inda yake. An yi shekaru ana shari'a. Sai a 2007 anka daidaita kuɗɗin katin mazan jiya da na masu rauni, sauran fansho kuwa sai 2011. Kafin nan galibin masu littattafan sun riga mu gidan gaskiya.

Littafin da gara ta cinye ba shi ne ƙarshen labari ba. Faransa tana ajiye takardun tsoffin sojojinta na ƙasashen Afirka a wani babban ofishi a garin Pau. Mai neman labarin kakansa, abin da za a tambaye shi shi ne sunan mutumin kamar yadda Nasara ya rubuta shi, ko da ya karkace, da lambarsa ta soja, da shekarar da anka ɗauke shi, da wurin ɗaukar. Duk suna shafin farko. Wanda nasa ke karantuwa har yanzu, ya kwafe su cikin wata takarda tun damina ba ta sake jiƙa adaka ba.